Ɗanyen kifi da kuran ɗinmu

Ƴan uwa, bara na ci ɗanyen kifi. Ɗanye sharaf, bai ga wuta ba.

A Tokyo ne, wani horo na ƴan makonni ya kai ni Japan. Mai masaukinmu ya ja mu gidan abinci, aka dire mini faranti: yankakken kifin teku ja wur, sai wani baƙin ruwan waken soya mai gishiri da koren yaji da suke kira wasabi. Sashimi sunan abin. Na duba dama na duba hagu, kowa na ta ci hankali kwance. Ni kuwa Inna ce ta faɗo mini a rai, wadda in ta soya tarwaɗa sai ta bushe ƙamas take sauke ta. Na yi bisimilla na kai baki. Wallahi ko ƙarni babu, laushi kamar man shanu mai sanyi. Wasabin ne ma ya hau mini hanci har da hawaye.

Da na sa hoton a Facebook wasunku sun ce na zama kyanwa, wasu suka ce na yi jarumta. Babu wata jarumta. Yaro ɗan shekara 5 na ci a teburin kusa da mu.

Uwar yaron nan ta ba shi ɗanyen kifi ne don ta amince da mutanen da ba ta taɓa gani ba. Kifin tuna da ake kamowa daga nesa, tun cikin jirgin ruwa ake daskarar da shi a sanyin digiri 60 ƙasa da sifili. Daga jirgi zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa faranti, sanyin ba ya yankewa, kuma akwai masu duba lafiyar abinci da ke aikinsu. A Turai doka ce ma: yawancin kifin da za a ci ɗanye sai ya yi aƙalla awa 24 a digiri 20 ƙasa da sifili, don tsutsar cikinsa ta mutu.

To mu fa? Ba mu da teku, tashar Kwatano kusan kilomita 1000 take daga Yamai. Kifin kwali da ke shigo mana, wa ya san sau nawa ya narke ya sake daskarewa kafin ya iso Damagaram? A unguwarmu a Maraɗi akwai wata baiwar Allah mai saida shi. Duk ranar da kuran ya ɗauke cikin zafin Afrilu, sai ka gan ta tana yawon neman ƙanƙara, in ba ta samu ba ta hura wuta ta banda abin da ya rage ta saida a faɗuwa. Ba ta taɓa rubuta wa kowa takardar koke ba, asarar tata ce ita kaɗai. Kun tuna watan Agustan 2023, da Najeriya ta katse mana wuta, yadda firigo suka koma akwatin ajiyar kwanuka.

Kada wani ya karanta wannan ya ruga Madarunfa ko Tabalak ya ce zai gwada. Kifin tafki da na kogi na ɗauke da tsutsa, wuta ce maganinta. Iyayenmu da suka riƙe banda da suya sun san abin da suke yi.

Abin da ke damuna shi ne, mu matasa mun saba. Kuran ya ɗauke mu ce "sai haƙuri", ciki ya ɓaci mu ce "rana ce", mu sayi ƙwaya a tebur mu kwanta. Idan ɗan takara ya zo, ba mai tambayarsa ɗakin sanyi nawa zai gina a kasuwar kifi, ko wa ke duba motocin da ke kawo shi, ko yaushe aka duba na ƙarshe. Ni kaina ban taɓa tambaya ba sai da na dawo.

Jiya na biya wajen mai kifin nan. Na ba ta labarin sashimi, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Ɗana, nan ko soyayyen ma ka sansana tukuna."