KAFIN KA CI BASHI DON SAYEN KYAMARA



Tambayar da ta fi yawan shigo min ta akwatin saƙo, musamman idan na sa hotunan Hawan Sallah, ita ce: "Malam, wace kyamara zan saya?" Yawancin masu tambayar irina ne, ma'aikata masu jiran ƙarshen wata, ba masu sana'ar hoto ba, sha'awa ce kawai. Wasu har sun gama shawara da zuciyarsu cewa za su ci bashin ƙungiyar gama kai ta ofis su sayi sabuwa dal a kwali. Maimakon in riƙa amsa wa kowa shi kaɗai, bari in faɗi ra'ayina a nan gaba ɗaya. Rubutun yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri.

Ra'ayina shi ne: a halin da ake ciki, mai albashin da ke ɗaukar hoto don sha'awa bai kamata ya sayi sabuwar kyamara ba, balle ya ci bashi a kanta. Ya nemi ta hannu mai lafiya, ya zuba abin da ya rage a gilashi mai kyau.

Mu fara da lissafi, tunda shi ba ya jin kunyar kowa. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Da aka saki naira, a farkon 2024 sai da ta haura 1,500. Babu kyamarar da ake ƙerawa a ƙasar nan, duk da dala ake shigo da su. Sony A7 III, wadda matasa da yawa ke mafarki, dala 2,000 aka sa mata da ta fito a 2018, jikinta kaɗai babu gilashi. A tsohon canji bai kai naira miliyan ɗaya ba. A canjin 1,500 kuwa miliyan uku ne cif. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Wato mai wannan albashi sai ya tara na wata 43, bai ci ba bai sha ba, kafin ya riƙe jikin kyamarar. Ko kai da kake mataki na 12 ko 13, ka ɗauki takardar albashinka ka duba wata nawa ne. Ga kuɗin makarantar yara, ga haya, ga mai, ga magani. Bashin da za a riƙa yanka daga albashinka na shekara biyu, ba kai kaɗai za ka biya shi ba, har da matarka da 'ya'yanka, a tukunya za su gani.

To amma akwai wani abu da ya zo mana da sauƙi, wanda da yawa ba su lura da shi ba. A 2018 Canon da Nikon suka fito da manyan kyamarorinsu marasa madubi a ciki, Canon da EOS R, Nikon da Z6 da Z7, bayan Sony ta riga su tun 2013. Daga nan hankalin kamfanonin ya koma can kusan gaba ɗaya. Masu hoto a Turai da Amurka da Japan suka shiga sayar da tsofaffin kyamarorinsu masu madubi, waɗanda ake kira DSLR, da gilasansu, don su koma sabon yayi. Kayan nan su ne suke gangarowa Computer Village a Ikeja, da Banex a Abuja, da shagunan Titin Beirut a Kano. Ba lalacewa suka yi ba. Yayinsu ne ya wuce a wurin masu kuɗin bin yayi.

Ga misali ɗaya. Hoton Barack Obama na ofis da aka fitar a Janairun 2009, wanda aka rataya a ofisoshin gwamnatin Amurka, Pete Souza ya ɗauke shi da Canon 5D Mark II. Kyamarar 2008 ce, megafiksel 21. Yau wani yaro zai ce maka ta tsufa, ba ta da aji. Kyamarar da ta isa ɗaukar shugaban Amurka, ita ce ba za ta iya ɗaukar sunan ɗanka ba? Haka Canon 6D da 5D Mark III na 2012, da Nikon D750 ta 2014. Ko ƙananan irin Canon 600D da Nikon D7000, a hannun wanda ya san haske, suna fitar da hoton da za a wanke a sa a falo.

Maganar megafiksel kuma, a daina wahalar da kai. Facebook ɗin nan da muke kai yana matse hoto ya mayar da dogon gefensa fiksel 2,048, wanda bai ma kai megafiksel uku ba. Ka sayi mai 45, ka ɗauka, ka ɗora, Facebook ya zubar da fiye da kashi tara cikin goma. Megafiksel 18 ya ishe ka wanke babban hoto na bango.

Akwai kuma batun batir, wanda mai sharhi a Landan ba zai dame shi ba amma mu ya dame mu. Nikon D750 tana ɗaukar hoto sama da 1,200 a caji ɗaya bisa gwajin kamfani. Z6 ta farko kuwa ɗari uku da 'yan kai. A garin da wuta ke tafiya kwana biyu ba ta leƙo ba, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Na san abin da wasu za su ce. Na farko, sababbin suna kama idon mutum da kansu, suna bidiyo mai kyau, ba su da nauyi. Gaskiya ne, ban musa ba. Wanda hoto ne abincinsa, yana biki uku a mako, amarya ba za ta sake shigowa don ya gyara saiti ba, shi lissafinsa daban, kyamarar za ta biya kanta. Da kai nake, mai fita ranar Asabar da yamma. Na biyu, za a ce sabuwa tana da garanti. Ka tambayi mai shagon a ina za a gyara maka idan ta samu matsala, kuma wa zai biya kuɗin kai ta. Amsar da zai ba ka ta ishe ka. Na uku, za a ce waya ma ta wadatar. Ga wanda hoton iyali da na abinci ne damuwarsa, wallahi ta wadatar, ya riƙe kuɗinsa. Amma ka tsaya a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, doki ya taso a guje daga nesa cikin ƙura, ka gwada da waya, za ka ga iyakarta.

Yanzu ga inda ake yin kuka. Kayan hannu sai da ido, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ga abin da nake dubawa, kuma nake ba kowa shawarar ya duba.

Ka tafi da memorinka, in da hali da kwamfutarka. Kada ka yarda da hoton da ke kan ɗan allon bayan kyamara, komai yana kyau a can.

Ka nemi adadin hotunan da ta taɓa ɗauka. A cikin kyamara akwai wani ɗan labule da ke buɗewa ya rufe duk sanda aka danna, kuma yana da iyakar rai kamar injin mota. Na 5D Mark III da D750 an gwada su a kan ɗauka 150,000. Nikon tana rubuta adadin a cikin bayanan kowane hoto, akwai shafukan intanet da za ka ɗora hoton su karanta maka kyauta. Yawancin Canon sai an haɗa ta da kwamfuta da wata manhaja. Wadda ta yi 30,000 yarinya ce. Wadda ta yi 200,000, ta yiwu ta ƙara shekaru, ta yiwu ta tsaya gobe, farashinta ya nuna haka. Mai shagon da ya hana ka dubawa ya riga ya ba ka amsa.

Ka ɗauki farin bango ko sararin sama ka ƙuntata ƙofar haske zuwa f/16 ko f/22, sannan ka buɗe hoton a kwamfuta. Ɗigo-ɗigon ƙura ba abin tsoro ba ne, ana gogewa, mu da muke rayuwa da hunturu ma ba mu da mafita daga gare ta. Amma dogon layi ko karce a kan sensa, ka ajiye ka yi gaba. Sai ka rufe gilashin da murfinsa ka sake ɗauka, ka duba ko akwai ɗigon ja ko shuɗi masu yawa a cikin baƙin.

Gilashi kuma, ka cire shi, ka haska fitilar waya ta baya ka leƙa ta gaba. Idan ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo ko zaren auduga a ciki, fumfuna ce. Ta fi kama kayan da suka daɗe a wuri mai laima, irin Legas ko Fatakwal, kuma idan ta daɗe tana cinye rufin gilashin. Ka juya zoben saiti da na jawo nesa, ka ji ko suna tafiya sumul ko akwai yashi. Ka duba kawunan ƙananan kusoshi, idan sun kwarzane an taɓa buɗe shi. Ka sunsuna ɗakin batir, ka duba ko akwai tsatsa ko kore-kore, alamar ruwa ya taɓa shiga.

Ka tabbatar gilashin zai yi aiki da jikin. Gilasan Canon masu alamar EF-S ba sa hawa 6D ko 5D. Nikon D3000 da D5000 da 'yan gidansu ba su da injin juya tsofaffin gilasai masu alamar AF-D, sai dai ka saita da hannu. Batir da memori kuwa jabu sun cika kasuwa, gara ka sayi memori sabo a wurin wanda ka amince da shi, don ranar da na jabu zai ci amanarka, da hotunan gaba ɗaya zai tafi.

Sai babbar magana, wadda ta fi duk waɗannan. Ka tambayi inda kayan ya fito. Masu hoton biki da 'yan jarida ana yi musu sata, a fasa mota, a fizge jaka a taro. Idan wani ya tare ka da kyamarar da ta kai dubu ɗari biyar ya ce ka kawo ɗari da hamsin, babu caja, babu murfi, bai ma san inda ake kunna ta ba, kai ma ka san abin da kake saya. Karɓar kayan sata laifi ne a dokar ƙasa, haramun ne a addini, kuma ma'aikacin gwamnati da aka kama da shi ba kyamarar kaɗai zai rasa ba. Bayan haka, wataƙila jarin wani bawan Allah ne da yake ciyar da gida da shi. Ka sayi kaya a shago mai adireshi, a rubuta maka rasit da lambar jikin kyamarar da ta gilashin, ka duba lambar ba a kankare ta ba. Masu talla a intanet kuma, kada ka tura ko sisi kafin kayan ya zo hannunka ko hannun wanda ka wakilta.

Idan kuɗinka naira ɗari ne, ni a ganina kada jiki ya ci fiye da hamsin. Jiki yana tsufa, gilashi mai kyau yana kai shekara ashirin yana aiki. Ka fara da 50mm f/1.8, wanda na Canon sabonsa ma dala 125 ne da ya fito a 2015. Ba ya jawo nesa, da ƙafarka za ka matsa, amma yana ɗaukar fuska da kyau ko a ɗaki mai ƙarancin haske, kuma zai koya maka tsayuwa. In ka ƙware, ka ƙara mai jawo nesa irin 70-300mm don dawakai da tsuntsaye. Kuma gilasan nan ba asara ba ne ko ka koma marar madubi nan gaba, Canon da Nikon duk suna da adaftar da ke ɗora tsofaffin a kan sababbi. Ka ware ɗan canji na batir na biyu, da jaka mai rufuwa, da ɗan famfon hura ƙura. Lokacin hunturu kada ka canza gilashi a fili, ka shiga mota ko ɗaki.

Abin da ya sa na damu da wannan magana shi ne, yawancin tsofaffin hotunan garuruwanmu da muke yaɗawa a nan muna ta yabo, Turawan mulki da matafiya ne suka ɗauka, da kayan da ba su kai rabin na hannun da muke rainawa ba. A Disambar 2024 UNESCO ta sa Hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya da ake karewa, bikin kamun kifi na Argungu ya shiga tun 2016. A daidai wannan lokaci badala tana zaizayewa ana gini a kanta, gidajen ƙasa masu zanko suna komawa bulo, tsofaffin da ke karofin Ƙofar Mata da maƙera da dukawa suna raguwa. Kakarka da ke ɗaki ba za ta jira dala ta sauko ba. Wanda ya ce sai ya tara miliyan uku zai fara, kafin ya tara wasu abubuwan sun tafi. Wanda ya ci bashi kuma, na ga irinsu, kyamarar tana cikin kwali don tsoron ƙura, ana fito da ita ranar biki a rataya a wuya, bayan wata shida a kai ta kasuwa a faɗi.

Ka sayi wadda za ka iya biya ba tare da tukunyar gidanka ta ji ba, wadda ba za ka ji tsoron fita da ita cikin ƙura ba. Ka nemi izinin mutane kafin ka ɗauke su. Waɗanda suka yi kyau ka wanke su a takarda ka rubuta wuri da shekara a baya, don waya da kwamfuta suna mutuwa.

Masu sana'ar da ke cikinmu, in akwai abin da ya kamata a ƙara a jerin abubuwan dubawa, ku ƙara a ƙasa don masu shirin saye su amfana. Allah Ya yassare mana, Ya sa albarka a ɗan abin da muke samu.