Ba a Zariya aka fara rubuta wa yaran Hausa ba

Ana nanata wata magana a azuzuwan Hausa, daga firamare har jami'a: wai rubutu domin yara ya fara ne da Hukumar Talifi ta Zariya a zamanin Rupert East, ya kuma kankama da Magana Jari Ce ta Abubakar Imam. Imam gwani ne, babu mai ja. Amma wannan lissafi ya tsallake Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793, ta rasu a Sakkwato a 1864, tun kafin Bature ya ci ƙasar nan.

A duba irin aikinta. Ta tsara gajeriyar waƙa da ta jera sunayen surori 114 na Alƙur'ani, domin mai ƙaramin karatu ya riƙe su a ka. Ta yi waƙoƙi da Fulatanci da Larabci, ta yi da Hausa saboda matan karkara waɗanda ba su jin Larabci. Sannan ba ta bar takardun a gafaka ba: ta naɗa mata shugabanni da ake kira jaji, ta ɗora musu malfa, su kuma suka riƙa jagorantar ɗalibanta 'Yan Taru daga ƙauyuka zuwa wurinta, su haddace, su koma gida su koyar. Wanda ya taɓa jin 'yan matan Islamiyya a Balan ko cikin Gaya da Ajingi suna rera darasi da murya ɗaya ya san wannan hanya ba ta mutu ba, sunan mai ita kawai aka manta.

Za a ce ai manyan mata ta rubuta wa. To su waye 'Yan Taru? Galibinsu tsofaffi ne da 'yan matan da ba su kai aure ba, domin matan aure ba su cika samun fita ba. Ke nan yara na zaune a gabanta, kuma ta san da su lokacin da take auna baiti. Za a kuma ce wa'azi ne, ba adabi ba. Magana Jari Ce ma cike take da gargaɗi da tarbiyya, ba wanda ya kore ta daga adabi saboda haka. Abin da ya raba su shi ne ɗaya an buga shi da boko a inji, ɗayar kuma tana cikin ajami a hannun malamai, masu tsara manhaja kuwa boko suka karanta.

Mun sa wa makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai sunan Nana Asma'u, amma yarinyar da ke kwana a ciki za ta iya gama sakandare ba a karanta mata waƙarta ko ɗaya ba, alhali Jean Boyd da Beverly Mack sun tattara ayyukan nata tun 1997.