RA'AYI: Rayfield: Ramukan da kuza ta bari da ruwan da ke tafe

Duk wanda ya shiga Rayfield, a Ƙaramar Hukumar Jos ta Kudu, zai yi wuya ya kawo wa ransa cewa unguwar na fuskantar wata barazana. Nan ne mazaunin Gidan Gwamnatin Jihar Filato, nan ne filin wasan golf da aka kafa tun 1913, nan ne kuma manyan gidaje ke tashi a kowace shekara. Ga iska mai sanyi, ga tudu da ya haura mita 1,200 daga doron teku. A tunanin mutane da dama, ambaliya matsalar Lokoja da Makurɗi ce, ba ta mutanen kan dutse ba. Wannan natsuwa ita ce babbar haɗarin Rayfield, domin ƙasar da ake ginawa a kai tana da tarihin da mafi yawan masu sayen filaye ba su sani ba, hukuma kuma ba ta ɗora wa kanta sanar da su ba.

Tarihin ya faro ne a farkon ƙarnin da ya wuce, lokacin da Turawan Ingila suka hau tudun Jos neman kuza. Kafin wasu shekaru kamfanoni sun cika yankin, aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso Jos da Bukuru a 1914 domin kwashe abin da ake haƙowa, aka kuma kafa tashar lantarki a Kurra domin juya injuna. Babban kamfanin nan na ATMN na cikin waɗanda suka mamaye yankin Rayfield da Bukuru. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan Japan ta ƙwace Malaya, wadda ita ce babbar kafar kuzar Ingila, sai aka matsa wa Filato lamba, har aka riƙa kwaso mutane daga lardunan Arewa ana sa su aikin tilas a ramuka tsakanin 1942 da 1944.

Yadda aka yi haƙar shi ne tushen matsalar yau. Kuzar Filato tana kwance ne a tsofaffin hanyoyin ruwa da ƙasa ta binne, saboda haka sai an yaye duk ƙasar da ke sama kafin a kai gare ta. Manyan injuna suka riƙa tona ramuka masu zurfi, suna tara ƙasar a gefe kamar duwatsu, suna karkatar da rafuka domin wanke tsakuwa. Dokar ma'adinai ta 1946 ta tanadi a gyara wurin da aka haƙa, an kuma ɗan cike wasu ramukan an dasa itatuwan turare, amma abin da aka gyara bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da abin da aka lalata. Da farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985, sai sauran kamfanonin suka tattara nasu ya nasu. Ramukan suka cika da ruwa suka zama kududdufai, waɗanda ake ƙiyasta sun haura dubu a faɗin tudun. Tafkin da ake zuwa shaƙatawa a Rayfield, ana hawa kwalekwale ana ɗaukar hotuna, ɗaya ne daga cikinsu.

Haɗarin da wannan gado ya bari kashi-kashi ne. Na farko shi ne kududdufan kansu. Ba su yi kama da tafkin da Allah ya halitta ba, wanda zurfinsa ke ƙaruwa a hankali. Bakinsu a tsaye yake kamar rijiya, ruwansu da sanyi, ƙasansu kuma laka ce mai riƙe ƙafa. Labarin yaro ko matashi da ya shiga wanka bai fito ba ya zama ruwan dare a Jos da Bukuru, kuma mafi yawan kududdufan ba su da shinge ko allon gargaɗi. Na biyu shi ne ƙasar da aka cike. Ramin da aka zuba wa ƙasa shekaru sittin da suka wuce yana iya bayyana a fili kamar kowane fegi, alhali bai danne ba. Idan aka ɗora masa bene kuma damina ta jiƙa shi, sai harsashi ya sauka, bango ya tsage. Na uku shi ne ramukan da ake kira loto, waɗanda masu haƙa da hannu ke tonawa su gangara ƙasa sannan su yi ta ratsawa gefe da gefe. Babu mai taswirarsu, kuma ruwan sama ne ke rusa su. A watan Nuwamban 2024 wani rami ya rufta da masu haƙa a Ƙaramar Hukumar Bassa, mutum 13 suka rasu. Na huɗu, wanda ido ba ya gani, shi ne tarkacen yashin da aka tace kuza daga cikinsa, mai ɗauke da ma'adinan da ke fitar da tururin nukiliya, ga shi kuwa ana kwasar sa ana yin bulo da yaɓen ɗaki.

A kan wannan ƙasa ce ruwan sama kimanin milimita 1,400 ke sauka a shekara, ya fi tsanani a Yuli da Agusta, sau da yawa kamar da bakin ƙwarya, wani lokaci har da ƙanƙara. Tudun Jos dutse ne, ba ya shan ruwa da yawa, don haka abin da ya sauka gangarawa yake yi da gudu. Kowane sabon rufin kwano da kowane tsakar gida da aka shafe da siminti yana ƙara wa wannan gudu ƙarfi, kuma ruwan da ya bar gidan mai hali a kan tudu, a gidan wanda ke kwari yake sauka.

Jos ta riga ta ga abin da hakan ke haifarwa. A daren Lahadi 22 ga Yulin 2012, bayan ruwan sama na sa'o'i, ambaliya ta afka wa unguwannin Rikkos da Gangare a Jos ta Arewa. Rahotannin lokacin sun danganta abin da tumbatsar madatsar ruwa ta Lamingo. Aƙalla mutum 35 suka rasu, wasu suka ɓace, gidaje kimanin 200 suka rushe ko ruwa ya shanye su. Makonni kaɗan bayan haka, a watan Agusta, wata ambaliyar ta kashe mutane da dama a kudancin jihar. A wannan shekarar Hukumar Agajin Gaggawa ta Ƙasa, NEMA, ta ƙirga mutum 363 da suka mutu a faɗin Najeriya, fiye da miliyan biyu kuma suka rasa matsuguni. Darasin Rikkos shi ne cewa a gari mai tudu ruwa ba ya ba da sanarwa kamar yadda Kogin Neja ke cika a hankali. Cikin dare ɗaya yake zuwa ya wuce. Abin da ya faru a Maiduguri da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, da na Mokwa a Mayun 2025, ya sake nuna cewa ruwan da aka tare kuma aka daina lura da shi yana da ranarsa.

Abin tambaya shi ne, wa ke da alhakin waɗannan ramuka? A nan gizo ke saƙar. Tsarin mulki ya sa ma'adinai a hannun Gwamnatin Tarayya, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ta damƙa filaye a hannun gwamna. Abuja ce ke ba da lasisin haƙa, Jos ce ke ba da takardar mallakar fili da izinin gini, ƙaramar hukuma da masu unguwanni ne ke binne gawa. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai haƙa ya gyara inda ya tona, amma kamfanonin da suka tona ramukan Rayfield sun daɗe da zama tarihi. Akwai Asusun Kula da Muhalli da aka kafa tun 1981 domin irin wannan matsala, sai dai shekara arba'in da 'yan kai bayan kafa shi, kududdufan na nan inda aka bar su.

Gwamnatin Caleb Mutfwang ta ɗauki wasu matakai da suka cancanci a ambata. A 2024 ta fitar da umarnin tsaurara dokar gine-gine a cikin birnin Jos, a Fabrairun 2025 kuma ta dakatar da haƙar ma'adinai na wani lokaci domin tantance masu yi. Rushewar makarantar Saints Academy a Busa Buji ranar 12 ga Yulin 2024, inda mutum 22 suka mutu, galibinsu ɗalibai, ta nuna tsadar sakaci da duba gini. Amma tsaurara doka ba tare da sanin abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba aiki ne rabi da rabi. Jami'in Hukumar Raya Birnin Jos, JMDB, da ya je duba fegi ba zai gane da ido cewa rami ne a da ba.

Abin da ya kamata a fara da shi bai fi ƙarfin jiha ba: taswirar haɗari ta Rayfield da kewaye, wadda za ta nuna kowane kududdufi da zurfinsa, kowane wuri da aka cike, kowace tsohuwar hanyar ruwa, da inda loto ya ratsa. Kayan aikin suna nan. Akwai tsofaffin taswirorin kamfanoni da hotunan sama na zamanin Turawa, akwai sashen nazarin ƙasa da haƙar ma'adinai a Jami'ar Jos, akwai cibiyar horar da masana ma'adinai ta ƙasa a cikin garin. Akwai kuma dattawan Birom da tsofaffin leburorin kuza waɗanda suka san inda kowane rami yake tun kafin a cike shi, kuma ba za su dawwama ba. Shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya ba dala miliyan 700 domin farfaɗo da ƙasar da ta lalace a jihohin Arewa 19 da Abuja, hanya ce ta samun kuɗin aikin. Idan an kammala taswirar, a manna ta a sakatariyar ƙaramar hukuma a Bukuru, a sa ta a intanet, a kuma sharɗanta gwajin ƙasa kafin ba da izinin gini a duk inda ta yi wa jan layi.

Za a sami masu cewa wannan zai karya farashin filaye a unguwa mai tsada. Gaskiya ne wasu fegi za su yi araha, kuma daidai ke nan, domin wanda ya sayi rami da kuɗin tudu an cuce shi. Wasu za su ce a cike kududdufan gaba ɗaya a huta. Wannan ma ba mafita ba ce. Da ruwansu ne manoman rani ke noma kabeji da karas da latas da tumatir da ake lodi zuwa Abuja da Kudu, da shi makiyaya ke shayar da dabbobi, wasunsu kuma suna tare ruwan da da ya gangara kan gidaje. Abin da ake buƙata shi ne a rarrabe su: wanda ke tsakiyar gidaje ko kusa da makaranta a cike shi ko a kewaye shi, wanda ake noma da shi a gyara bakinsa a yi masa mafitar ruwa, wanda gwaji ya nuna yana da guba a hana amfani da shi. Akwai kuma tsoron talaka, wanda ya saba ganin cewa duk lokacin da aka ambaci tsara gari, rumfarsa ake fara rushewa. Wannan tsoro yana da hujja, kuma maganinsa shi ne doka ta hau kan katangar mai hali da ta toshe magudanar ruwa kafin ta isa kan bukkar mai ƙaramin ƙarfi, wanda aka tasa kuma a ba shi inda zai koma.

A farkon kowace shekara NiMet na fitar da hasashen damina, Hukumar Kula da Ruwa ta NIHSA kuma na bayyana yankunan da ambaliya za ta iya shafa. Hasashen yakan tsaya ne a matakin jiha ko ƙaramar hukuma. Ba ya gaya wa mai gida a Rayfield ko fegin da ya saya rami ne. Wannan aiki na gwamnatin jiha ne, kuma babu inda ya fi dacewa a fara shi kamar unguwar da gwamna ke kwana. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Rani shi ne lokacin auna kududdufai da yashe magudanai, domin ruwan Yuli ba ya jiran kwamitin bincike, kuma buhunan shinkafa da tabarmin da ake rabawa bayan ambaliya ba su taɓa dawo da wanda ruwa ya tafi da shi ba.