Fim Ɗaya, Kwafi Biyu: Darasi daga Aikin Mario Bava

A shekarar 1963 ne daraktan nan na Italiya, Mario Bava, ya fitar da I tre volti della paura, wato fuskoki uku na tsoro. Fim ɗin ya ƙunshi labarai uku: na wayar tarho, na Wurdalak mai shan jinin iyalinsa, da na ɗigon ruwa. Da kamfanin American International Pictures ya kai shi Amurka a 1964 da sunan Black Sabbath, sai ya sauya jerin labaran, ya maye kiɗan Roberto Nicolosi da na Les Baxter, ya kuma mayar da labarin tarho na fatalwa, alhali asalinsa ramuwar gayya ce tsakanin rayayyu.

Wannan ya wuce gyaran fuska. A tsarin Bava, tsoro na hauhawa har ya kai ƙololuwa a labarin ma'aikaciyar jinyar da ta sace zoben gawa. Amurkawa kuwa da shi suka buɗe. Saboda haka kuskure ne a yanke wa Bava hukunci da kwafin Amurka. Ya kamata masu nazarin fina-finan Indiya da ake fassarawa zuwa Hausa su ɗauki kowace fassara a matsayin aiki mai zaman kansa, su kuma kwatanta ta da asalinta kafin su yanke hukunci.