Zauren Iyali: Akwati Biyu, Hanya Guda

Mukan ƙara akwatin intanet na biyu domin Wi-Fi ya isa cikin gida, sai rezo ya tsaya cik, mu zargi kamfani. Mai yiwuwa an haɗa akwatunan ne ta waya da ta iska lokaci guda: saƙo ya fita ta nan, ya komo ta can, yana kewaye har ya toshe komi, fitilu na ƙyaftawa babu hutu. Kafin mu ɓarnatar da kuɗin cefane kan sabon akwati, mu zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya har rezo ya farfaɗo, sa'an nan mu bar hanya guda. In akwatin na da STP, tsarin hana kewaye da Radia Perlman ta ƙirƙiro a 1985, mu kunna shi. Allah ya sa mu dace.