Renon Marayu Ba Aikin Watan Azumi Kaɗai Ba Ne

A shekarar 2007 wani lauya a Maiduguri, Barista Zannah Mustapha, ya buɗe makarantar Future Prowess da marayu 36. Shekaru biyu bayan haka rikicin Boko Haram ya ɓarke, marayu suka yawaita a garin. Makarantar ba ta tambayi yaro ɓangaren da mahaifinsa ya mutu a kai ba. Ta zaunar da 'ya'yan jami'an tsaro da na fararen hula da na mayaƙan ƙungiyar a aji guda. Zuwa 2017, lokacin da Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen, ɗaliban sun haura 500.

Abin lura a nan shi ne tsarin aikin. Yaro yana samun karatun boko da na addini kyauta, da abinci, da kayan makaranta, da magani idan ya yi rashin lafiya. Iyaye mata da suka rasa mazajensu kuma an haɗa su a ƙungiyar taimakon kai domin su samu sana'a. An fahimci cewa yaron da ya kwana da yunwa ba ya riƙe karatu, uwar da ba ta da abin yi kuwa dole ta ɗora wa 'yarta talla.

Mu kuwa a yawancin unguwanninmu, taimakon marayu ya zama na lokaci. Ana ɗinka musu kayan Sallah, a raba shinkafa a Ramadan, a ɗauki hotuna, sannan a watse sai baɗi. Wannan alheri ne mai lada, amma ba ya biyan kuɗin makaranta a watan Safar, ba ya sayen maganin zazzaɓin cizon sauro da damina. Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya daɗe yana faɗin cewa yara fiye da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta a Najeriya, mafi yawansu a Arewa. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 suna ta'ammali da miyagun ƙwayoyi. Yaron da al'umma ta bari a titi, akwai masu jiran ɗaukarsa.

Musulunci ya riga ya ba mu hanyar da taimako zai ɗore, wato wakafi. Sayyidina Umar ya tsare asalin gonarsa ta Haibara, aka riƙa sadaka da amfaninta. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a. Jami'ar Azhar ta Masar ta rayu ɗaruruwan shekaru da dukiyar wakafi. Zakka ana raba ta ga waɗanda suka cancanta ta ƙare, wakafi kuwa uwar dukiyar tana nan, ribarta ce ke zagayowa kowace shekara. Jihohi kamar Kano da Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin zakka da wakafi, sai dai hukuma ɗaya a babban birni ba za ta san marayan kowane lungu ba. Maƙwabta ne suka san shi.

Don haka muna kira ga kwamitocin masallatan Juma'a da masu unguwanni da su rubuta sunayen marayu da yaran da ba sa makaranta a yankinsu. Masu hali su ware shago ɗaya ko gona ɗaya a matsayin wakafi, a rubuta a gaban shaidu don kada magada su yi jayayya. Teloli da kafintoci da makanikai su karɓi matasa su koya musu sana'a. A tabbatar an yi wa ƙanana allurar rigakafi, kuma kada a bar 'yan mata a baya. Sama da komai, a karanta lissafin kuɗin a bainar jama'a kowace shekara, domin rashin amana ne ke sa masu bayarwa janye hannu.

Suratul Ma'un ta lissafa tunkuɗe maraya cikin alamomin ƙaryata addini. Ya kamata kowace unguwa ta duba inda take a wannan ma'auni. Allah Ya ba mu ikon sauke wannan nauyi.