Ƙananan ɗakunan kiɗa na rufewa, su ne kuma suka fito da Mdou Moctar

A watan Disamban 2023 aka rufe Moles, wani ɗan ƙaramin kulob da ke garin Bath na Ingila, bayan shekaru 45 ana kiɗa cikinsa. Mutum ɗari biyu da ƴan kai ne ke cika shi. Amma a wannan ɗakin Oasis da Radiohead suka yi wasa tun ba a san su sosai ba. Ƙungiyar Music Venue Trust ta ce a shekarar kaɗai wurare 125 irinsa a Birtaniya suka rufe ko suka daina karɓar makaɗa, saboda tsadar haya da wutar lantarki, ga aljihun ƴan kallo ya yi sanyi.

Ranar da aka rufe irin wannan wuri, sai tsoffin ƴan kallo su shiga ba da labari. Abin lura, ba a cika jin suna yabon kyawun sauti ba, domin sau da yawa babu shi. Abin da suke tunawa shi ne zufa da cunkoso, da lasifikar da ta yi ƙara har kunne ya kwana yana amo, da mai gitar da tsirkiyarsa ta tsinke ana cikin waƙa ya tsuguna ya ɗaura wata kowa na kallonsa. Da an tashi, mawaƙin da kansa ke tsayawa bakin ƙofa yana sayar da faifai da riguna, domin ya samu na mai zuwa gari na gaba. Haka kiɗan da ake kira "indie rock" ya rayu, wato na makaɗan da ba su ƙarƙashin manyan kamfanonin faifai.

Matashin Maraɗi ko Damagaram na iya cewa ina ruwansa da wani ɗaki a Ingila. Da ruwansa. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa mai kaɗa gita da hagu, a wuraren biki ya fara, waƙoƙinsa na yawo daga wayar wannan zuwa ta wancan. Bayan kamfanin Sahel Sounds ya saka waƙarsa cikin wani faifai a 2011, ba filin wasa aka buɗe masa a Amurka da Turai ba. Ƙananan kulob-kulob ya yi ta bi shekara da shekaru, har kamfanin Matador na New York ya fitar da "Afrique Victime" a 2021. Etran de l'Aïr na Agadas da Les Filles de Illighadad su ma wannan hanyar suka bi. Babban fili ba ya gwada baƙon da ba a sani ba. Mai ɗaki mai cin mutum ɗari biyu ne kaɗai ke iya ɗaukar kasadar, in ya yi asara ta dare ɗaya ce.

To dare ɗayan ne ya yi yawa yanzu. Shi ya sa a Birtaniya ake neman a riƙa cire fam ɗaya daga kowane tikitin manyan filaye a ba ƙananan wurare, kuma Coldplay suka yi alkawarin kashi 10 cikin ɗari na kuɗin wasanninsu na Wembley da Hull a 2025. Faransa ta daɗe da harajin kashi 3,5 cikin ɗari kan tikitin kiɗa, wanda ake sake zubawa cikin sana'ar. Wannan ba sadaka ba ce, babban ne ke biyan bashin wurin da ya rene shi.

Sai dai haraji ba zai maye gurbin ɗan kallo ba, kuma nan ne maganar ta dawo gida. A Yamai da sauran birane akwai wata al'ada mara kyau: mutum ya sayi kati na jika biyu ya kalli bidiyon makaɗi a waya, amma ranar wasa ya tsaya bakin ƙofa yana neman wanda ya sani a shigar da shi kyauta. Daga baya a ji shi yana kukan cewa sai Turawa sun yaba namu kafin a san darajarsu. Turawan ai kuɗin ƙofa suka biya.

Ƴan Nijar mazauna Burusel, Liyon ko New York sun fi kowa dama. Idan makaɗan gida suka zo wani ɗan kulob a unguwarsu, tikitin da aka saya tun kafin ranar shi ne mai wurin ke dubawa kafin ya yanke shawarar sake gayyatar su baɗi.